Ina son kayan ɗakin da Baba ya bari, maigida ya ce ba a gidansa ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, ina zaune a Kaduna da mijina da yara uku a gidan haya, saman bene, ɗaki biyu da falo. Bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a Zariya. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya bar kayan ɗaki tun na shekarun 1960 da 1970: ƙatuwar sif mai ƙofa uku, kabad mai gilashi, teburin rubutu mai durowa, kujeru huɗu masu hannun katako, sai gadon ƙarfe mai rumfa na kakarmu, da adaka. Yayyena maza sun ce za su kira dillali ya kwashe a raba kuɗin. Ni kuwa tun ina yarinya nake son kayan nan, na yayi ba su taɓa kwanta min a rai ba, saitin aurena ma duk ya kumbura ya ɗaye. Da na ce zan ɗauka, maigida ya ce ba za a mai da masa gida gidan tarihi ba, za a kwaso mana kuɗin cizo, kuma mutane za su ce ya gaza. Mama ba ta ce komai ba. Sannan wani mai sayar da tsofaffin kaya ya nuna min teburin cin abinci, ya ce na Turawan mulkin mallaka ne, ya haura shekara ɗari, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba. Anti, ta yaya zan gane na ƙwarai, wanne zai dace da ɗan gidan namu, kuma ya zan yi da maigida ba tare da an ɓata ba?

Daga wata 'yar'uwa a Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ki kwantar da hankalinki, son da kike yi wa kayan nan ba ƙauyanci ba ne, idonki kuma bai yaudare ki ba. Galibin saitin yayi da garin katako ake yin su, a cuɗa shi da gam, a matse ya zama allo, a lulluɓe da leda mai sheƙi. Da zarar ruwan goge-goge ya samu kafa ta ƙasa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. Kayan Baba kuwa, in har katakon gaske ne, sun ga hunturu da damina sama da hamsin a Zariya, duk tsagewa da lanƙwasar da za su yi sun riga sun yi ta. Sai dai mai kewa komai na mamaci gani yake ba zai iya rabuwa da shi ba. Kaya iri shida kika lissafa, ɗaki biyu da falo ba za su ɗauke su ba, ga yara uku. Biyu ko uku za ki zaɓa, kuma tef ɗin awo da tocila ne za su yi miki zaɓin.

Kafin a kai nan, a fara sanin kayan na waye. Duk abin da Baba ya bari, har kujerar da yake zama, na magada ne gaba ɗaya. Yayyenki ba su yi laifi ba da suka ce a sayar, ita ce hanya mafi sauƙi ta fitar da haƙƙin kowa. Ki bar dillalin ya zo, a ma kira biyu, kowannensu ya yi wa kowane abu kuɗi daban, ba a dunƙule ba. Sai ki ce kin saya a tayin da ya fi tsoka, ko ki biya, ko a cire daga kasonki, a rubuta, shaidu su sa hannu. In akwai ƙananan yara cikin magada babu mai ikon yafe kasonsu, don haka ko manya sun ce "ɗauki kawai", ki biya na yaran. A kuma tantance abu biyu. Abin da Mama ta zo da shi ko ta saya da kuɗinta nata ne, ba ya shiga rabo. Gadon ƙarfen kakarku kuma, in ba a taɓa raba kayanta ba tun rasuwarta, sauran 'ya'yanta na da haƙƙi a cikinsa. Malamin da zai yi muku rabon zai warware wannan a zama ɗaya.

Shirun Mama kada ki ɗauke shi a matsayin izini. Ita ta yi shekara da shekaru tana goge kabad ɗin nan. Ki same ta ku biyu, ba a gaban maza ba, ki tambaye ta wanne take so ya zauna inda yake. Wata uwar ganin kayan ke ɗebe mata kewa, wata kuma ganinsu ke fama mata ciwo, kunya ce ta hana ta faɗa. In ta nuna wani, ki saya ki bar mata shi a ɗakinta.

Yanzu awo, kuma daga gidanku na Kaduna za ki fara. Ki auna faɗi da tsayin ƙofar shigowa, faɗin matakala, da ɗan filin nan na tsakiyar bene inda ake juyawa, don a nan manyan kaya ke maƙalewa. Ƙofar falo galibi ƙafa 3 ce, ta ɗakin kwana sau da yawa ƙafa 2 da rabi, ƙyauren kuma yana cin inci ɗaya ko biyu in ba a cire shi ba. Ki sa wani a Zariya ya turo miki awon kowane abu, tsawo da faɗi da zurfi. Sai ki shimfiɗa kwali ko tsofaffin jaridu a ƙasa daidai girmansa a inda kike son ajiye shi, ki bar su kwana biyu. In yara na tattaka su, ko ke kanki kina kaucewa da tire a hannu, abin ya yi wa wurin girma. Hanyar wucewa tana son inci 30 zuwa 36, tsakanin kujera da teburin tsakiya kamar inci 18, gaban durowa ko ƙofar kabad kuma aƙalla ƙafa 2 da rabi. Ki ware wurin sallaya da na shimfiɗar cin abinci tun farko, falonmu ba na zaman kujera kaɗai ba ne.

Ranar zuwa Zariya ki tafi da tef, tocila, ƙaramar sukundireba, ɗan mayen ƙarfe, auduga, da sifirit irin na kemis. A janye kayan daga bango, a fito da su fili da rana. Ki fara dubawa ta baya da ƙasa da ciki, inda ba a shafa komai ba, don fuska kowa na iya gyara ta. A nan za ki gane irin katakon. Maɗaci ja-ja ne zuwa ruwan ƙasa, kuma yana da nauyi. Loko yana farawa da ɗan rawaya-rawaya, ya yi duhu da shekaru, gara ba ta cika sonsa ba, shi ya sa aka yi ta yin ƙofofi da teburan ofis da shi. Katakon da ake kira tik in kin shafa za ki ji ɗan maiƙo. Obeche fari ne mara nauyi, farce na lotsa shi, ƙwaro kuma na sonsa. Kafintoci kan rina shi ya yi kama da maɗaci, amma in kika ɗan kankare ta ƙarƙashi da bakin sukundireba sai farin ya bayyana. Ki dubi bakin allo kuma. In zanen katakon ya zagayo daga sama ya sauko ta baki, katako ne ɗungurungum. In siraran falle ne jere a kan juna, filawud ne. In gari-gari ne, irin na yayi ne. Filawud a bayan kabad ko a ƙasan durowa ba aibi ba ne, kayan wancan zamanin da yawa haka aka yi su, wasu har da fomaika a sama. Fomaika in ya ɗago a gefe ana manna shi, in ya fashe kuwa samun irinsa sai an sha wuya.

Ki zaro durowa gaba ɗaya ki dubi kusurwarta. In gefe da gaba sun shiga juna haƙori-haƙori, aikin ƙwarai ne, in kuma haƙoran ba su yi daidai da juna sak ba, da hannu aka yanka su. In ƙusa ce kawai ta riƙe, aikin gaggawa ne. Kujera ki dafa bayanta ki girgiza gaba da baya, sannan ki zauna ki jingina. Girgiɗi ba abin tsoro ba ne in gam ne ya saki, ana kwancewa a sake haɗawa. Abin gudu shi ne karaya a daidai mahaɗa, ko wurin da aka yi ta buga ƙusa har katakon ya rududduge, don babu inda gam zai kama.

Batun ƙwari na fi so ki natsu a kansa, domin a nan maigidanki yake da gaskiya. Garar ƙasa ita ce mai gina hanyar laka daga daɓe ta hau ƙafar kabad. In an ɗauke kayan daga wurin ba ta rayuwa a cikinsu, ɓarnarta ce kawai za ta biyo ki. Ki ƙwanƙwasa ƙafafu da gindin kaya da ƙotar sukundireba. Lafiyayyen katako amonsa a cike yake, wanda aka cinye kuwa ƙarar holoƙo yake yi, in kin danna bakin sukundirebar ma sai ya nutse. Ƙafa ɗaya ana canza ta, amma in ɓarnar ta shiga ginshiƙan da ke ɗauke da nauyi, ki haƙura da abin. Mai biyo mutum har gida shi ne ƙwaron da ke huda ƙananan ramuka, milimita 1 zuwa 2, don a cikin katakon yake zaune. Rami mai duhu tsoho ne, mai shi ya daɗe da tafiya. Rami mai haske da farin gari mai laushi a bakinsa ko a ƙasa, akwai rai a ciki. Kuɗin cizo kuma ki neme shi da tocila a ɗinkin kushin, ramin sukurori, mahaɗar gadon ƙarfe da bayan allon kai. Ko ba ki ga shi kansa ba, baƙaƙen ɗige-ɗige da saɓar da ya bari sun ishe ki shaida.

In kayan sun tsallake wannan, ga yadda nake ganinsu. Sif ɗin na fi shakka. A ɗaki mai ƙafa 12, in gado ya ci 6, sif ta ci kusan 2, ƙafa 4 ce ta rage, a ciki za a buɗe ƙofa uku, a ciki za a wuce. Tsofaffin sif da yawa zurfinsu bai wuce inci 18 zuwa 20 ba, alhali hanga na son 22 zuwa 24, sai kaya su riƙa hana ƙofa rufuwa. Ga nauyi, ga bene, ga haya, duk tashi ɗaya sai ta yi asarar wani abu. Ki leƙa cikinta sama da ƙasa, in da sukurori aka haɗa ta tana kwancewa falle-falle, to da sauƙi. In a manne take gaba ɗaya, ki bar wa Mama ko wani yayanki mai gidan ƙasa.

Teburin rubutu kuwa ki ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Tsayin irinsu inci 29 zuwa 30 ne, daidai aikin kwamfuta da karatun yara, kuma shi ne abin da maigida zai fara mora. Kujerun ki ɗauki biyu tukuna, in sun karɓu a ƙara. Katakon kawai za ki riƙe, soso da yadi da robar ƙarƙashin mazauni duk a zubar tun a Zariya. A sa sabon soso mai tauri, inci 4 zuwa 5 a mazauni, mai ɗan laushi a majingina. Kujera mai kushin biyu takan ci yadi biyu zuwa biyu da rabi. Ki auna tsayin mazauni bayan an ɗora soso: waɗannan kujerun sukan zo gajeru, kuma duk wadda ta gaza inci 16 tana wahalar da dattijo mai ciwon gwiwa wajen tashi. Kabad mai gilashi ya dace da ƙaramin gida, don sama yake ci ba ƙasa ba. Amma da yara uku dole a ɗaure shi da bango ta sama da ƙarfe mai kusurwa guda biyu, tsohon gilashin ƙasa kuma, in siriri ne, a canza shi da mai kauri milimita 5.

Gadon ƙarfe ki auna cikin firam ɗinsa, ba wajensa ba, don irinsu galibi ba su kai faɗin na yanzu ba, wataƙila sai an yanka masa katifa. Wayar da ta lotsa a cire a jera katako. Ki auna tsayin rumfar ki gwada da inda fankar sama take, mutane kan manta da wannan sai an kai gado ɗaki. Ƙwallayen da ke kan sandunan in mayen ƙarfe ya kama su, ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla, kar a goge da ƙarfi ya tafi. In bai kama ba, tagullar gaske ce. Adaka ba ta da matsala, tana zama ma'ajiyar barguna ko teburin gefe, sai dai a cire mata makullin da ke datsewa da kansa saboda yaro mai wasan ɓuya.

Duk abin da kika zaɓa, kada ya wuce kai tsaye cikin gidanku. A ajiye shi a shago ko gareji mako biyu zuwa uku, a kan farar takarda, ki riƙa duba ko gari ya zubo. Gadon ƙarfe a kwance shi, a zuba tafasasshen ruwa a duk mahaɗa, a shanya. Kuɗin cizo da ƙwansa ba sa jure zafin da ya kai digiri 50, shi ya sa naɗe abu a baƙar leda a bar shi a ranar Maris ko Afrilu yana aiki. Amma wannan na ƙarfe ne da yadi, katakon kirki irin wannan zafin na iya tsaga shi ko ya sakar masa gam. Katako a goge shi da buroshi, a ɗura maganin ƙwarin katako a ramukan da sirinji, a shafe baya da ƙasa, a maimaita bayan mako biyu, domin ƙwan kuɗin cizo na ƙyanƙyashewa cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Ki yi wa Allah kada kowa ya ba ki shawarar fiya-fiya ko ƙwayar bom ta hatsi a ɗakin da ake kwana. An yi asarar rayuka ta wannan hanyar. In abin ya yi yawa, a kira masu feshi na gaske, a yi a waje.

Wajen gyara aka fi ɓata tsohon kaya. Wani kafintan da ya gani zai ce a kankare da inji, a fesa banish mai walƙiya, a canza mariƙai zuwa masu ruwan gwal, sai a dawo miki da abin da ba tsoho ba, ba sabo ba. Ki fara da wanki kawai: tsumma mai laima-laima da ɗigon sabulun ruwa, a matse sosai, a goge wuri kaɗan a tsane nan take. Sau da yawa datti ne ya rufe kyan. Sannan ki ɗiga sifirit a auduga ki shafa a wani ɓoyayyen wuri. In wurin ya yi danƙo, audugar ta yi ruwan ƙasa, folish irin na da ne, ana sabunta shi da siraran shafi ba tare da kankarewa ba. In bai motsa ba banish ne ko makamancinsa, in bai ɗaye ba a bar shi, a shafa kakin goge katako kaɗan, a jira minti 20, a murza da busasshen tsumma. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Baƙin mai da man gyaɗa kada su kusanci kayan, ƙura suke tarawa su yi danƙo. Sai shafin ya mutu gaba ɗaya ake kai wa ga samfefa, da hannu, a bi tsawon zanen katakon, lamba 120, sai 180, sai 240. In saman sirarin falle ne aka manna, kaurinsa yakan gaza milimita ɗaya, inji na cinye shi cikin daƙiƙu. Mahaɗar da ta saki a kwance ta, a kankare tsohon gam, a sa farin gam na katako, a matse awa 24. Ban da ƙusa, ban da gam ɗin nan mai rawaya na manna fomaika. Tsohon fenti, musamman na gadon ƙarfe, yana iya ƙunsar dalma, don haka a jiƙa kafin a kankare, a yi a waje, nesa da yara da mai juna biyu, sannan a shimfiɗa jan fentin hana tsatsa kafin na sama. Ki ɗauki hoton komai kafin ki miƙa, ki faɗi abin da za a taɓa da wanda ba za a taɓa ba, ki ba shi kujera ɗaya gwaji, kuma kar ki biya duka sai kin ga aiki.

Dacewa da gida ba ta da wuya in ba a cika ba. Babban tsohon abu ɗaya a ɗaki ya isa, sauran kaya su bi shi. Katako mai duhu yana son bango mai haske da labule mara hayaniya. Launin katakon ya sake fitowa a wuri ɗaya ko biyu, a firam ɗin madubi ko ƙafar teburin tsakiya, sai ido ya ga da gangan aka yi. Launin katako fiye da biyu ko uku a falo ɗaya yana sa wuri ya yi kama da shagon gwanjo. Abin da ba ya jituwa da irin kayan Baba shi ne farin saiti mai sheƙi da zanen gwal, kowanne sai ya muzanta ɗan'uwansa. Doguwar kujera ta zamani mai yadi launi ɗaya kuwa tana zama lafiya tsakanin tsofaffin kujeru biyu. Tumtum na fata da darduma suna tafiya da su. Saƙi ko rinin baba irin na Ƙofar Mata yana yi musu kyau, amma a filon ado, bayan an wanke, don baba na zuba ya ɓata wa baƙo farar shadda. Kabad ɗin kada ki cusa masa komai da komai, tangaran kaɗan masu kyau, tasa ɗaya ko biyu, da littattafan Baba.

Maigida abu uku ya faɗa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na kuɗin cizo kin ga maganinsa, ki zayyana masa matakan ɗaya bayan ɗaya, ki ce babu abin da zai hau benen nan sai ya duba da idonsa. Na gidan tarihi zai faɗi da kansa in ya ji abu biyu ko uku ne, ba mota guda ba. Na ukun shi ne na gaske: namiji ba ya son a shigo falonsa a fita ana cewa tsofaffin kaya ya tara wa iyalinsa. Kada ki raina wannan, kuma kada ki riƙa kushe kayan yayi a gabansa, wataƙila su yake burin saya miki. Falo wurin baƙinsa ne, ki ba shi ta cewa a can, ɗakinki kuwa kin fi ƙarfi a ciki. Ki nemi izinin gwaji: teburin da kujera ɗaya bayan an gyara, wata uku, in bai gamsu ba su koma ɗakinki ko Zariya. Gani ya kori ji. Masu magana kuma, da sun ji "na marigayi Baba ne" addu'a za su yi. In ya ƙi sam, kada ki ɗauko a bayan idonsa. Ki saya ki ajiye wurin Mama zuwa lokacin da Allah zai hore muku gida mai fili, adaka ko teburin kaɗai ya zo yanzu.

Teburin cin abincin da mai sayar da tsofaffin kaya ya nuna miki ban goyi baya ba, ko da labarinsa gaskiya ne. Teburin mutum shida yakan kai ƙafa 3 da 6, kuma yana son ƙafa 3 ta kowane gefe don jan kujera, wato fili mai ƙafa 9 da 12. Ɗaki guda ke nan, ba ku da shi. Labarin ma abin dubawa ne. A kasuwar tsofaffin kaya sai abu ya cika shekara 100 ake sa shi a sahun na tarihi, daga 20 zuwa ƙasa da haka tsohon yayi ne. Turawa kuwa sai 1960 suka miƙa mulki, don haka "na Turawa" na iya zama sa'an kayan Baba. Sukuru mai kan gicciye bai yaɗu ba sai daga shekarun 1930, in shi ne ko'ina a jikin tebur, ba a wurin gyara kaɗai ba, shekara ɗarin ba ta cika ba. Tsufan gaske yana inda hannu da ƙafa ke taɓawa, bakin tebur, mariƙi, sandar ɗora ƙafa. In ƙwarzanar ta bazu ko'ina daidai wa daida, ko ƙasan tebur sabo fil, ko jiƙaƙƙen farin tsumma ya ɗebo launi, tsufan na haɗi ne. Kayan gwamnati na da wasu kan zo da tambari ko lambar ma'aikata a ƙasa, ki nema, ki kuma tambayi daga hannun wa ya fito. Ma'aunin farashi shi ne ki haɗa kuɗin saye da dako da gyara da feshi, ki gwada da abin da kafintan kirki zai karɓa ya yi sabo da katako irinsa. Kada ki saya da niyyar zai yi daraja ki sayar, a kasuwanninmu ba kasafai ake mai da kuɗi ba. In kuma wata rana aka tallata miki tsohuwar ƙofar sassaƙa ko kujerar Bida mai ƙafafu da yawa aka ce ta kaka da kakanni ce, ki sani dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta taƙaita cinikin kayan fasahar gargajiya da aka yi kafin 1918, fita da su waje ma sai da izini. Sabon sassaƙa ki saya a matsayinsa na sabo, babu laifi.

Ranar ɗauko kaya, tafiyar Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ce, ta isa ta karya abin da ya shekara hamsin lafiya. A zare durowa, a cire gilashi a naɗe da bargo a ɗauke shi a tsaye, a sa wa duk abin da aka kwance lamba da alli, sukurori a leda ɗaya a hannunki. A sa kwali a duk inda igiya za ta bi, in damina ce a rufe da tamfol. Ɗagawa ake yi, ba ja ba, kujera ta mazauni, tebur ta firam ɗin ƙasa. A gida ki bar inci 2 tsakaninsu da bango, ki kauce wa tagar da rana ke faɗowa da kuma ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, a sa ɗan roba a ƙarƙashin ƙafafu saboda ruwan goge-goge. Katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, allo mai faɗin ƙafa ɗaya na iya motsawa inci ɗaya bisa takwas ko fiye. Saboda haka in durowa ta cije a watan Agusta, ki goga kyandir a gefenta da kan layin da take bi. Kar ki bari a fere ta, in aka fere, Janairu na zuwa za ta riƙa rawa a gurbinta.